Kalmasar Wandon Gola

Tela ba ta taɓa ɗinka wa yaro wando daidai jikinsa ba. Ko uwar yaro za ta yi ta mita, sai ta bar yatsa huɗu na yadi a ƙasan kowace ƙafa, ta kalmashe shi ciki, ta bi da ɗinki mai sauƙin warwarewa. Yaro, in ji ta, kana kwanciya ka tashi ya miƙe. Duk wanda wandonsa ya ɗage a dawo mata da shi ta saki kalmasa, ba sai an sayi sabon yadi ba. Da wannan aka san shagonta a layin, kuma a kan ɗanta ta fi yin haka, domin shi tsawo yake yi kamar ana jan sa.

Gola ake ce wa yaron. Kawunsa ne ya laƙaba masa sunan, ya bi shi har uwar ma ta manta rabon da ta kira shi da na gaskiya. Kawun nan ƙanen Tela ne, ciki ɗaya, ita ta goya shi, ita ta share masa majina. Ya buga ƙwallo da ƙuruciya bai kai ko'ina ba, ya dawo yana tara yaran unguwa a filin bayan makaranta da usur a wuya, kowa na ce masa Koci. Shi ya tsayar da Gola a raga tun bai fi ƙwallon girma ba. Yakan kalli zara-zaran ƙafafun yaron ya ce, "Yaya, wannan ɗan naki wata rana sai ya taɓa sandar saman raga ba tare da ya yi tsalle ba." Ita kuma ta ce ya taɓa littafinsa tukuna.

Wata ranar da yamma wani ƙaton yaro ya faɗo wa Gola a gefen gwiwar hagu, ya kwanta yana ihu. Koci ya yi masa abin da aka saba yi musu a cikin ƙarti lokacin da yake wasa. Ya sa aka danne yaron, ya kama diddige ya fizga da ƙarfi har aka ji ƙas, ya kwara masa ruwan sanyi, ya ce ya tashi ya taka, namiji ba ya kwanta wa targaɗe. Ya riƙe shi suka zagaya fili yana ɗingishi yana haɗiye kuka. A kan babur, hanyar gida, ya ce masa, "Kada ka gaya wa uwarka na ja, ka san halinta."

Ita kuma ya ce mata ɗan targaɗe ne, a gasa da ruwan zafi. Ta gasa. Kwana biyu tana jiƙa tsumma tana danna gwiwar ɗanta da hannunta, tana yi masa faɗan raki, har gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu, fatar tana ƙyalli. Sannan ta kinkime shi sai asibiti.

Likitar ƙashi wata 'yar gajeriyar mace ce mai saurin magana. Ta ɗaga hoton ƙafar ta saita shi da haske, ta nuna da bakin biro.

"Kin ga wannan siririn layin a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa? Ba ƙashi ba ne tukuna, guringuntsi ne. Daga nan ƙafar yaro ke ƙara tsawo. Babba in ya samu irin wannan bugun, jijiya ce ke ciwo, shi ne targaɗe. Yaro kuwa jijiyarsa ta fi wannan layin ƙarfi, sai layin ya karye. Nasa ya karye, ya kuma goce." Ta juya wurin Gola. "Ɗan samari, wani ya ja ƙafar nan?"

Gola ya kalli silin, ya kalli ƙasa. Da likita ta sake tambaya sai ya fashe da kuka, maganar ta fito duka, har da ta kan babur.

Da ƙyar Tela ta ce, "Likita, da ba a ja ba fa? Da an kawo shi a ranar?"

"Wurin nan mai rigima ne, ko nan take aka kawo yaro yakan ba da matsala daga baya. Amma ja da takawar ba su taimaka ba, su suka ƙara gusar da shi."

Rabin farko na maganar Tela ta ninke shi ta ajiye can inda ba za ta sake gani ba. Rabi na biyu shi ta tafi da shi.

Washegari aka shiga da Gola tiyata. Aka sa shi barci, aka mayar da ƙashin mazauninsa a hankali, aka soke shi da siraran ƙusoshi biyu don kada ya sake motsi, aka naɗe ƙafar da filasta tun daga cinya har idon sawu. Likita ta ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai an cire ƙusoshin. Ta kuma ce, kuma wannan ne Tela ta riƙe, warkewar ƙashi daban, ci gaba da tsawo daban. Ko layin zai farfaɗo ko ya mutu, sai an yi watanni kafin a sani.

Koci yana tsugune a barandar asibitin ya yi tsuru-tsuru. Mijin Tela, direban babbar mota ne mai sanyin hali, ya baro hanya ya zo, yana ta kallon matarsa don ya san za ta tara wa ƙanenta jama'a. Ba ta tara ba. Da ma ta yi ihun da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya a kansa ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Kai ka ja, kai za ka ɗauka."

A bene suke zaune, hawa na biyu, matakala ƙunci ga tsayi. Tun daga ranar da aka sallamo su Koci ya zama ƙafar Gola. Shi zai goya shi ya sauko, shi zai hau da shi, shi zai kai shi banɗaki ya tsaya a ƙofa, shi zai zubar da fo ya wanke. In ya makara ta aika a kira shi, in ya zo da wuri ta bar shi tsaye a baranda. Ba ta amsa gaisuwarsa, ba ta ba shi ko ruwa. In ta zuba abinci sai ta ƙirga kwanuka a gabansa ta tsallake shi.

Bai ishe ta ba. Ta ɗauko hoton ƙashin ta rataye a bangon shago, tsakanin hotunan yayin ɗinki, daidai inda mai jiran awo zai kalla. Ƙusoshin nan biyu sun fito fari tas. Duk uwar da ta kawo wandon ɗanta a saki kalmasa sai ta tambaya, Tela kuma ta ba ta labari ba gaggawa, allura a baki, ta ƙare da cewa, "Naki ma a filin yake wasa, ko? To, Allah ya tsare." Kafin a cire filasta filin bayan makaranta ya koma na awaki da 'yan yara ƙalilan waɗanda iyayensu ba sa ɗinki a wurinta.

"Maman Gola, ya isa haka," in ji mijin wata rana. "Yaron nan ya rame, ko ido ba ya iya haɗawa da mutane. Ƙanenki ne fa."

"Ƙafarka aka ja?"

"Ba da gangan ya yi ba."

"Ƙaryar da ya sa ɗana ya yi mini ita ma ba da gangan ba ce? Da hannuna na yi ta danna karaya, ina ce wa yaro rago. Ka koma motarka, don Allah."

Ya koma motarsa.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata lissafi. Hukuncin da ta yanke wa Koci, Gola daɗinsa yake ji. Tana jin su a matakala, yaron a baya yana cewa kawu ya yi sauri doki ya gaji, kawun yana haki yana dariya ƙasa ƙasa don kada ta ji. Suna ƙus-ƙus a kan wasan da aka buga, wa ya kama, wa ya zubar. In ta leƙo su yi tsit. Wannan yana ƙona mata rai fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa.

Aka cire ƙusoshi, aka fasa filasta, ƙafar ta fito siririya tana saɓa. Gola ya yi ta fama da sanduna, gwiwa ta saki a hankali, ya taka, ya yi tafiya, har ya fara ɗan gudu a tsakar layi. Maƙwabta suka yi ta barka. Koci ya fara ɗaga kai in yana tafiya, har ya yi ƙarfin halin cewa, "Yaya, mun gode Allah." Ta kalle shi sama da ƙasa ta ci gaba da taka keke. Ita ba ta manta abin da likita ta ce ba, jira take yi.

Shekara ta kusa zagayowa wandon makarantar Gola ya ɗage. Ta karɓa ta warware kalmasa, ta saki yatsa biyu a kowace ƙafa, ta goge, ta ce ya sa ya hau kan benci ta gani. Ƙafar dama ta zauna daidai idon sawu. Ta hagu ta sauka ta rufe diddige tana jan benci.

"Tsaya sosai mana, kada ka karkace."

"A tsaye nake, Mama."

Ta ce ya cire. Ta shimfiɗa wandon a tebur ta haɗa ƙafafun biyu, ta auna da tef, ta sake aunawa, ita da ko da ido ba ta kuskuren awo. Yadi daidai yake. Ta ce wa yaron ita ce ta yi kuskure, ya je ya yi wasa. Da ya fita ta zauna ta mayar da kalmasar hagu sama, yadda ba wanda zai lura.

Tsoro ya kama ta. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu, kuma ba za a ɓoye shi ba: wani ɗan sanyi ne na wanda aka daɗe ana ce wa ya cika riƙo, yau ga shi gaskiyarsa ta fito. Duk masu cewa ya isa haka, su zo su ga wandon nan.

A asibiti aka tsayar da Gola, aka yi ta cusa 'yan fale-falen katako ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙugunsa ya daidaita. Aka ɗauki dogon hoto na ƙafafun biyu. Likita ta ce yaron ya je waje wurin babansa, ta rufe ƙofa.

"Abin da muke gudu ya faru. Ƙashi ya tsiro ya haɗe layin nan, kuma ya yi faɗin da ba za a iya cire shi ba. Ta hagu ta kusa daina tsawo a wurin, ta dama kuwa tafiya take. In aka bari, kafin ya gama girma bambancin zai kai faɗin tafin hannu, ƙugu da baya su karkace."

"To a ja gajeriyar mana," in ji Tela, sai kuma ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Ana iya ƙara mata tsawo, amma doguwar wahala ce, ƙarfe a jikin yaro wata da watanni. A nasa ban ba da shawara ba. Abin da ya fi sauƙi, ƙaramin aiki a ƙafar dama. Mu tsayar da nata layin, ta jira 'yar'uwarta."

"Mai lafiyar za ku taɓa?"

"Ita. Zai yi tafiya daidai, zai yi gudu. Sai dai ba zai kai tsawon da ya kamata ya kai ba." Likita ta cire tabarau ta murza ido. "Dole a gaya masa kafin ranar, ba a yi wa yaro mai wayo irin wannan a ɓoye. Ni zan iya, amma sun fi ɗauka daga bakin na gida. Ki zauna kusa da shi in za a faɗa, ki riƙe shi."

"Akwai mai gaya masa," in ji Tela.

Daga asibiti ba ta wuce gida ba, filin bayan makaranta ta nufa. Koci yana ɗaure yagaggiyar raga da igiya, yara uku ko huɗu suna buga ƙwallo ba kuzari. Ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba, tana kallon yadda igiyar ta sulale daga hannunsa.

"Gobe da la'asar ka zo shago. Kai za ka gaya masa."

"Yaya..." Ya durƙusa a cikin ƙasa, bai damu da yaran ba. "Yaya, ki mare ni. Ki sa a kulle ni, wallahi ba zan ce uffan ba. In kin ce in bar garin yau zan bari. Amma kada ki sa ni wannan."

"Da bakin da ka ce masa zai taɓa sandar sama, da shi za ka gaya masa. Da bakin da ka ce kada ya gaya wa uwarsa."

"Ke fa kika goya ni."

"Shi ya sa na san inda zai yi maka ciwo."

Washegari ta sallami masu ɗinki da wuri, ta shirya shagon kamar mai shirin awo. Ta sa benci a jikin bango don Gola. Ta ajiye kujera 'yar tsugune a gabansa don Koci, daidai inda hasken ƙofa zai faɗo masa a fuska. Ita kuma ta ja kujerarta can gefe, bayan keken ɗinki, inda ba abin da zai tare mata. Ta tuna likita ta ce ta zauna kusa da yaron, amma in ta zauna a bencin yaron zai ɗauke mata hankali, ba za ta ga idon ƙanenta da kyau ba. Shekara guda tana jiran fuskar nan, ba za ta kalle ta da rabin ido ba.

Gola ya shigo da ƙwallo a hammata, ya ga kawunsa a cikin shagon uwarsa a zaune, abin da rabonsa da gani tun kafin karaya. Fuskarsa ta washe.

"Kun shirya?" ya ce, yana kallon wannan yana kallon wancan.

Koci ya ce ya zauna. Ya fara, ya sarƙe, ya sake farawa. Ya yi maganar layin, ya yi maganar katakon da aka sa masa a ƙafa, ya ce ta hagu ta gaji ta tsaya. Ya ce likita za ta yi ɗan aiki a ta dama don ta jira ta.

"Ta dama ai lafiyarta lau, Kawu."

"Na sani."

"To in ta jira, yaushe za su ci gaba?"

A nan fuskar Koci ta rushe. Leɓensa ya yi ta rawa, jijiyar wuya ta tashi, hawaye suka zubo masa ba ko kunya, ƙaton mutum mai usur a wuya. Ya ce, "Ba za su ci gaba sosai ba, Gola. Ba za ka yi tsawon da na ce maka ba. Ni na ja maka. Ni ne."

Tela ta sha kallonta. Yadda ta zata haka ta same shi, har ya fi. Kwana biyun nan na ruwan zafi, daren tiyata, dariyar matakala, duk ta ji ana biyan ta ɗaya bayan ɗaya. Wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙirji har yatsun ƙafa, ba ta ko ƙifta ido don kada wani abu ya wuce ta.

Shi ya sa ba ta ji kiran farko ba. Sai a na biyu ta juya.

Gola ya saki ƙwallon, ta gangara ƙarƙashin tebur. Hannunsa ɗaya yana miƙe a kan benci, wurin da babu kowa. Ita yake kallo, kuma ba kuka yake ba, kallon mamaki ne.

"Mama, me kike wa murmushi?"

Ta kai hannu bakinta. Yana nan kuwa, ba ta san lokacin da ya fito ba. Ta miƙe da sauri har ta ture almakashi, tana cewa ba haka ba ne, tsaya ka ji. Kafin ta zagayo keken ɗinkin yaron ya riga ya zame daga benci ya cusa kansa a ƙirjin kawunsa, a can ya fashe da kukan. Ta tsaya a kansu da hannuwa a sake. Ta taɓa kafaɗarsa, ya ƙanƙame rigar Koci ya ƙara matsawa ciki.

Ranar aikin, da safe, aka sa wa Gola rigar asibiti aka kwantar da shi a gadon turawa. Nas ta ce mutum ɗaya ne zai raka shi har ƙofar tiyata, ya riƙe masa hannu kafin barci ya ɗauke shi. Tela ta riga ta miƙe, ta gyara mayafi, ta miƙa wa mijinta jaka.

"Kawu," in ji Gola. Bai kalle ta ba.

Koci ya dubi yayarsa kamar mai neman izini. Ta kawar da kai, nas kuma tana sauri. Aka tura gadon, yana biye a gefe, ya sunkuya yana yi wa yaron magana a kunne, har suka sha kwana.

Ta koma ta zauna a bencin baranda. Ta karɓi jakarta a hannun mijin ta buɗe. Wandon da yaron zai sa in an sallame shi yana ciki, sabo, jiya ta gama shi, kuma hannunta da ya saba ya bar masa yatsa huɗu a kowace ƙafa. Ta juya bakin wandon tana murza kaurin kalmasar da babban yatsa. A ranta ta ce wannan ma Koci ne ya ja, har ɗan nata ya ƙwace mata, kuma sai ya biya. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, tana jira ta ji daɗin nan na ranar shago ya dawo, bai dawo ba.